Iyafis ɗin rediyon kiristal ya yi shiru, ya mutu ke nan?

Tambaya: Na haɗa rediyon kiristal, irin wanda ba ya cin batir, amma ko ƙas ba na ji. Na ɗora mitar gwajin lantarki a wayoyin iyafis ɗin, wato abin saurare da ake sawa a kunne, ta nuna kamar waya ta tsinke. In jefar da shi?

Amsa: Dakata tukuna, malam. Abin da mita ta nuna maka haka ake so. Iyafis na kiristal ba shi da naɗin waya a ciki irin na iyafis ɗin wayar salula mai om 16 ko 32 (om shi ne ma'aunin yadda abu yake tare lantarki). Ɗan faifai ne na fizo, wanda yake motsi idan lantarki ya taɓa shi, kuma lantarkin batir ba ya ratsa shi. Mai lafiya da matacce duk abu ɗaya za su nuna a ma'aunin om.

Kunnenka ne zai raba gardama. Sa iyafis ɗin a kunne a wuri shiru, ka goga bakin wayoyin biyu a jikin batir mai volt 1.5. Mai lafiya zai yi ƙas da ƙarfi. Ko ka riƙe waya ɗaya da yatsu, ka taɓa eriya da ɗayar, sau da yawa za ka ji ɗan gurnanin wutar gida. Soket ɗin wutar gida kam kada ka kusance shi.

Idan sautin yana zuwa yana ɗaukewa, lanƙwasa wayar a hankali daga bakin fulogi zuwa inda ta shiga iyafis. Idan ba nan ba ne, ƙwanƙwasa shi da farce. Ya farfaɗo? To mahaɗin waya da faifan ne ya saki ko ya yi tsatsa, kuma wannan cuta ta yi yawa a masu araha. Tsofaffin iyafis da aka yi faifansu da sinadarin da ake kira gishirin Rochelle kuwa danshi da zafi ne ajalinsu, in sun lalace ba gyara.

In ya ci gwajin batir, laifin yana cikin rediyon. Abin da aka fi mantawa shi ne rizisto, ɗan abin da ke rage gudun lantarki, mai kilo-om (om dubu) 47 zuwa 100 tsakanin wayoyin iyafis biyun. Ba tare da shi ba caji yakan taru ya toshe diyod, ɗan abin da ke barin lantarki ya wuce ta gefe ɗaya kawai, murya ta shaƙe ko ta ɓace. Diyod ɗin ma ya zama wanda aka yi da sinadarin jamaniyam, kamar 1N34A, domin na silikon yana buƙatar sigina mai ƙarfi kafin ya buɗe. Daga nan sai ka duba tsawon eriya da wayar ƙasa.