Hukuncin Matar da Mijinta Ke Duka, Kuma Ya Ce Sai Ta Fanshi Kanta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Shekarata shida da aure, 'ya'yanmu uku. Mijina yana dukana a kan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma a karo na ƙarshe ya mare ni har haƙorina ya fita. Na koma gidanmu, sai mahaifina ya ce in koma ɗakina domin aure ɗan haƙuri ne. Shi kuma mijin ya ce Alƙur'ani ne ya ba shi izinin duka, kuma ba zai sake ni ba sai na mayar masa da sadakinsa da kayan lefe. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam. Baiwar Allah, abin da aka yi miki zalunci ne haramtacce, kuma babu wani malami a mazhabobin nan huɗu da ya halatta marin fuska, balle dukan da zai cire haƙori. Allah Maɗaukaki Ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 19, a zauna da mata bisa alheri, sannan a Baƙara, aya ta 231, Ya hana riƙe su domin a cuta musu.

Ayar da mijinki yake fakewa da ita, ta 34 ce a Nisa'i. Tana magana ne a kan matar da ta yi nushuzi, wato ta bijire wa haƙƙin aure da gangan, kuma ta gabatar da wa'azi da ƙaurace wa shimfiɗa tukuna. An ruwaito daga Ibnu Abbas cewa abin da ake nufi da duka a wurin shi ne da asawaki da makamancinsa, Aɗa'u ɗan Abi Rabah kuwa, babban malamin Makka cikin tabi'ai, cewa ya yi kada miji ya doki matarsa ko da ta saɓa masa, iyakarsa ya nuna fushinsa. Wanda aka saukar wa ayar shi ya fi kowa sanin manufarta, kuma Nana A'isha ta shaida, kamar yadda Muslim ya ruwaito, cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba. Lokacin da Faɗimatu 'yar Ƙaisu ta nemi shawararsa game da masu neman aurenta, ya kawar da ita daga Abu Jahmi saboda yawan dukan mata, ya nuna mata Usamatu ɗan Zaidu. Abin mamaki ne mutum ya haddace kalma ɗaya daga aya, ya bar rayuwar Annabin da ya fassara ta da aikinsa.

Game da kuɗin da yake nema, a nan ne ake yawan cutar mata saboda rashin sanin fiƙihun Malikiyya da kotunanmu suke aiki da shi. Hul'i, wato mace ta fanshi kanta da dukiya, an tanade shi ne ga matar da ta ƙi zaman alhali mijin bai cuce ta ba. Ibnu Abi Zaidin ya bayyana a Risala cewa idan cutarwa ce ta sa ta fanshi kanta, to za ta karɓi abin da ta bayar, kuma rabuwar ta tabbata. Shaihu Halilu ya ce a Muhtasar mace tana da damar a raba aurenta saboda cuta, ko da shaidu ba su tabbatar da cewa an maimaita cutar ba, kuma masu sharhi sun lissafa duka da zaginta da zagin mahaifinta cikin cutar. Saboda haka ba ya binki sadaki ko lefe. Idan kin kai ƙara kotun shari'a kuma cutar ta tabbata, alƙali zai umarce shi ya sake ki, in ya ƙi a raba auren, saki ne yankakke da ba shi da ikon yi miki kome, wato mayar da ke ɗakinsa, a cikinsa.

Ana tabbatar da cuta da shaidu, ko da labarin da ya bazu tsakanin maƙwabta da dangi, domin malamanmu sun san cewa a bayan ƙofa ake irin wannan duka. Ki je asibiti a rubuta miki takardar raunin, ki adana ta, ki kuma sanar da maƙwabtan da suka ji ihunki cewa za a iya neman su. Haƙorin da ya fita kuma jinaya ce, wato laifin raunata jiki, mai zaman kanta wadda kina da ikon neman haƙƙinki a kanta. Renon yaran naki ne matuƙar ba ki auri wanda ba muharraminsu ba, ci da sha da suturarsu kuma suna wuyan ubansu.

Mahaifinki kuwa, ki yi masa bayani cikin ladabi, ko ki nemi wani dattijo da yake jin nauyinsa ya karanta masa wannan amsa. Waliyyi an ɗora shi ne domin ya tsare maslahar 'yarsa, kuma ba ki yi saɓon iyaye ba idan kin ƙi komawa inda kike tsoron a illata ki. Idan kina son a gwada sulhu, aya ta 35 a Nisa'i ta ce a tayar da mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginki, kuma kina iya zama a gidanku har su gama aikinsu. Allah ne Mafi sani.