Uwar kilas ɗina ta saituna ta kumbura, ta ina zan fara gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a nan Damagaram. Ina rubuta manhajar lissafin shago da Python don masu shaguna a Kasuwar Dole, na kuma tsara ta yadda za a riƙa jona mata fulogin, wato ƙananan manhajoji na ƙari: na buga rasit, na aika wa masu bashi saƙon waya, da na ajiye lissafi a intanet. Na yi kilas (class) guda na saituna, wato uwar kilas, wanda dukansu suke gada. Yanzu saitunan ciki sun haura talatin, in na taɓa nan sai can ya lalace. Yaya ake tsara irin wannan uwar kilas? Daga wani mai karatu a unguwar Birni.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Ban ga kod ɗinka ba, amma na san yadda aka yi. Fulogin na rasit ya nemi sunan firinta, ka saka a wurin uwa. Na saƙo ya nemi mabuɗin sirri, shi ma ka saka a can, don can ne ya fi kusa da hannu. Yau ga fulogin na rasit yana ɗauke da mabuɗin aika saƙo, alhali ba ruwansa da shi.

Ka ɗauki uwar kilas kamar mai gidan haya. Nasa shi ne ƙofa, lambar ɗaki, da dokar gida. Tabarma da buta na ɗan haya ne. Ma'aunin da nake amfani da shi ke nan: saiti ba ya shiga wurin uwa sai in babbar manhajar da kanta ce take karanta shi. Ka auna talatin ɗinka da wannan, da wuya fiye da uku su tsira: sunan sashe, ko fulogin a kunne yake ko a kashe, da lambar zubin saitin (version). Sauran aikin uwa shi ne karanto saiti, tantance shi, da yin ƙorafi in ta ga ba daidai ba.

Ga ƙashin bayan abin:

@dataclass(frozen=True, kw_only=True)
class SaitinTushe:
    a_kunne: bool = True

@dataclass(frozen=True, kw_only=True)
class SaitinRasit(SaitinTushe):
    firinta: str
    fadin_takarda: int = 58

Kada ka raina waɗancan kalmomi biyu na sama, frozen da kw_only. Dataclass, hanyar rubuta kilas mai riƙe bayanai, ya shigo Python 3.7 a 2018, yana kuma da wani tarko wajen gado: tun da a_kunne yana da ƙimar da aka tanadar masa a wurin uwa, in ɗa ya zo da saitin dole kamar firinta, wanda ba a tanadar masa komi ba, Python zai ƙi kilas ɗin tun wurin ayyana shi. Masu koyo da yawa sukan guje wa wannan ta hanyar ba kowane saiti None, wato babu komi, daga nan kuwa ba a ƙara sanin na dole da na ganin dama. Maganin shi ne kw_only, wanda ya zo da Python 3.10 a 2021. Shi kuwa frozen yana hana a sauya saiti bayan an loda shi, don kada wani fulogin ya murɗa abu da rana tsaka kowa ya rasa wanda ya yi. In uwa daskararriya ce, dole ƴaƴanta ma su zama haka.

Inda zan daɗe shi ne tantancewa, don nan ne na taɓa shan wuya. Dataclass ba ya duba ko abin da ka ba shi ya dace da nau'in da ka rubuta. Ka ce bool, wato e ko a'a, ka miƙa masa rubutu, zai karɓa bakinsa alaikum. Na taɓa yi wa wani mai shago fulogin na tunatar da masu bashi. Ya ce a kashe shi da azumi, na rubuta False a saitin muhallin kwamfuta (environment variable) na tafi gida. Ashe duk abin da ya fito daga muhalli rubutu ne zalla, kuma a Python bool("False") yana ba da True, saboda duk rubutun da ba fanko ba gaskiya ne a wurinsa. Washegari mutane suka tashi sahur da saƙon bin bashi, har da surukin mai shagon. Tun ranar, mai da rubutu zuwa lamba ko zuwa e da a'a na mayar da shi aikin uwa, a wuri guda, kuma abin da ba ta gane ba ba ta yi masa kintace.

Dokar da ta shafi fulogin ɗaya kuma, shi zai faɗe ta. Uwa ta tanadi aiki mai suna tantance, ta kira shi daga __post_init__, wato aikin da dataclass ke kira da zarar an gina saiti, kowane ɗa ya cika nasa. Ƙananan firintocin rasit galibi takardarsu milimita 58 ce ko 80, don haka SaitinRasit ya ƙi duk wata lamba daban. A yi wannan da safe lokacin buɗe manhaja, ba sai mai saye yana tsaye da jaka biyar a hannu ba. Saƙon kuskuren kuma ya faɗi sashe da sunan saiti, da Hausa ko Faransanci, yadda yaron shago zai iya karanto maka a waya. Sunan da ba a sani ba ma kuskure ne. In an rubuta fadin_takrda, a yi ƙorafi, kada a yi shiru a koma 58.

Fayil ɗin saitin kansa, ina ba ka shawarar rubuta shi da tsarin TOML, kowane fulogin da sashensa. Tun Python 3.11 na 2022 akwai tomllib, mai karanta TOML, a ciki, sai dai karatu kawai yake yi, ba ya rubutu. In kai za ka riƙa rubuta fayil ɗin daga manhaja, ka fara rubutawa a fayil na wucin gadi sannan ka musanya da os.replace. Wuta in ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, ka ga bazara a garin nan, tsohon saitin yana nan lafiya.

Za ka ce fulogin na saƙo da na ajiya duk suna buƙatar adireshin saba (server) da tsawon jira, ba sai a kai su wurin uwa ba? A'a. Ka yi ƙaramin kilas SaitinIntanet, duk mai buƙata ya riƙe shi a matsayin saiti ɗaya daga cikin nasa. Gado ya tsaya hawa ɗaya. Da zarar an sami jika da tattaɓa kunne, neman inda ƙima ta fito ya zama bin salsala. Mabuɗin sirri kuwa ka sa masa field(repr=False), don kada ya fito a rubutun da manhaja ke ajiyewa na abin da ya gudana.

Rajistar fulogin ba ta buƙatar wahala. Akwai __init_subclass__ tun Python 3.6, yana ba uwa damar rubuta sunan kowane ɗa da aka haifa, ta kuma ƙi suna biyu iri ɗaya. In ba ka son rubuta mai da nau'in da hannu, laburaren pydantic-settings yana yi, an ware shi daga pydantic a zubi na 2 a 2023. Ni dai na fi son ɗalibi ya fara yi da hannunsa sau ɗaya.

Game da naka talatin, kada ka rushe su dare ɗaya, tun da akwai shagunan da ke aiki da tsohon fayil. Fara da rasit: kwashe saitunansa zuwa SaitinRasit, mai da lambar zubi 2, ka rubuta ɗan aikin da zai karanta fayil mai lamba 1 ya jera shi a sabon tsari. Ka bar shi mako guda a shago ɗaya, wanda mai shi ke da haƙuri, kafin ka taɓa na saƙo.