Tambaya da Amsa: Kwamfutar da ke yi wa sojoji leƙen asiri

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Gardama muke ta yi a majalisarmu kan ƙirƙirarriyar basirar nan da aka ce sojoji na leƙen asiri da ita, ni dai na ce in za ta tono 'yan bindiga ai shikenan, wanda bai yi laifi ba tsoron me zai ji? Daga mai karatu a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, wanda ya san zafin garkuwa da mutane ba zai ga laifinka ba, kuma na'urar tana da amfani. A 2017 ma'aikatar tsaron Amurka ta fara shirin Maven saboda jirage marasa matuƙa na kwaso bidiyon da ya fi ƙarfin masu kallo, sai aka koya wa kwamfuta ta riƙa ware mota da gini da mutum. Kamfanin Google na cikin masu yi wa shirin aiki, amma ka san ma'aikatansa sama da 3,000 suka sa hannu kan takarda a 2018 cewa ba da su ba, har kamfanin ya ƙi sabunta kwangilar.

Matsalar ita ce na'urar ba ta san laifi ba, alamu take bi: wa ka kira, sau nawa ka canza layi, ina wayarka ta kwana. To mai sayar da kati a kasuwar ƙauye ko ɗan acaɓan da ke kai fasinja bakin daji fa, ai duk alamun nan suna jikinsa kuma ba wanda zai sanar da shi sunansa ya shiga wani jeri balle ya je kotu ya wanke kansa. A 2024 mujallar +972 ta ruwaito cewa wata manhaja mai suna Lavender ta jera wa sojin Isra'ila mutum kusan 37,000 a Gaza a matsayin waɗanda za a iya kai wa hari, kuma wani jami'i ya ce kamar daƙiƙa 20 yake ɓatawa kan kowane suna. Sojin sun musanta. Mu ma nan mun ga abin da kallo daga sama kan jawo, Tudun Biri a Disambar 2023, taron Mauludi aka ɗauka na 'yan bindiga, jirgin soji marar matuƙi ya jefa masa bom, aƙalla mutum 85 suka rasu.

Ta fuskar doka kuwa, sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin gidanka da hirarka ta waya, sai dai sashe na 45 ya buɗe ƙofa in an ce tsaro, dokar kare bayanai ta 2023 ma ta yi wa harkar tsaron ƙasa sassauci. Don haka in kun koma majalisa ku yi gardama kan wannan: alƙali ne zai ba da izini kafin a bi wayar mutum ko ofisa ne kawai, kuma in kwamfuta ta nuna gidan da ba shi ba wa za a kama?