Amsa kan tsohuwar Canon 7D da tafiyar Yankari

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena, na saurari muryarka tun jiya, hidima ce ta riƙe ni. Ka ce ka samu dogon lens na Canon, 400mm f/5.6, amma kana tunanin sayar da kyamararka 7D kafin tafiyar Yankari, wai ta tsufa. Kada ka sayar, don Allah. Eh, tun 2009 ta fito, amma har gobe tana harba hoto takwas a daƙiƙa ɗaya. Kuma da yake sensarta, wato farantin da ke ɗaukar hoto a cikinta, ƙarama ce, 400mm ɗin nan zai jawo maka abu kamar 640mm. Me kuma mai farautar hoton tsuntsu yake nema?

Inda za ta ba ka ciwon kai shi ne ƙarancin haske. Da ka haura 1600 a ISO, wato ma'aunin ƙarfin jin haske na kyamara, hoton zai fara yashi-yashi, musamman a inuwa. Ga shi lens ɗin ba ya da abin hana rawar hannu, saboda haka kada saurin shota, wato ƙiftawar kyamara, ya sauka ƙasa da 1/800 na daƙiƙa. Tsuntsu a sama kuwa, sai 1/2000. Ni abin da nake yi, ƙaramar jaka nake cikawa da wake, kamar mudu ɗaya, in ɗora a bakin tagar mota, lens ya kwanta a kai luf. Sannan in roƙi direba ya kashe inji. Wannan 'yar karkarwar ta mota, ita ke cinye gashin idon gwanki a hoto, kai kuma ka dawo gida kana zagin kyamara.

Ka fita da sassafe ko bayan la'asar. Da tsakar rana ƙasa na tururi, kawalwainiya za ta narkar maka da duk abin da ke nesa, ko kyamarar bana ce a hannunka. Da rani dabbobin na gangarowa wajen kogin Gaji, can za ka zuba ido.

Af, talikonbata 1.4 da wani ya ambata a nan, wato gilashin da ake ƙara wa lens don ya ƙara jawo nesa, manta da ita. Za ta rage hasken da ke shiga, ta mai da kai f/8 daga f/5.6, a nan kuma 7D ba ta kama fokos da kanta, sai dai ka murɗa da hannu, giwa kuwa ba za ta jira ka ba.

Kada ka cire lens a fili cikin hazon hunturu, ƙura za ta zauna a kan sensa. Jakar waken ma ka shige da ita ɗaki in kun dawo Wikki, masaukin baƙi na Yankari, biran wurin ba su da kunya ko kaɗan.