Karma ba ƙaddara ba ce: amsoshin tambayoyinku

Tambaya daga wani ɗalibi a Zariya: Malam, ina ganin matasa suna rubuta "karma za ta kama ka" a Facebook. Karma ita ce ƙaddara?

A'a, kuma wannan fassara tana damuna. Kalmar daga harshen Sanskirit na Indiya ta fito. A harshen Pali, wanda da shi aka adana tsofaffin littattafan addinin Buddha, kamma ake cewa. Ma'anarta "aiki", shi ke nan. Buddha ya ɗaura ta a kan niyya: da mutum ya ƙulla niyya, sai ya aikata da jiki, ko da baki, ko da zuci. Wanda ya taka tururuwa cikin duhu bai sani ba, bai yi karmar kisa ba. Abin da ke biyo bayan aikin sunansa daban, vipaka, wato nuna, irin nunar ɗan itace. Mai cewa "za ta kama ka" ya ɗauki sunan shuka ya laƙaba wa girbi. Ƙaddara kuwa daga Larabci muka aro ta, abin da Allah ya hukunta wa bawa. Su mabiya Buddha a koyarwarsu babu alƙalin da ke yanke hukuncin karma, iri ne ke tsiro, ko a wannan rayuwa ko a wata haihuwar da suka yi imani da ita.

Abin da matasan nan ke nufi muna da shi tun kaka da kakanni: alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Da sun ɗan tsaya sun duba rumbun gida, da ba su tafi aro ba.

Tambaya daga Maraɗi: Kalmar karma a Hausa, mace ce ko namiji?

Mace. Karma ce, karmarsa, karmarta.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Kumasi: Na ji ana cewa mabiya Buddha suna "sauya karma". Ta yaya, alhali Bahaushe ya ce abin da ka shuka shi za ka girba?

Malama, kin taɓo inda nake so. Ba sa cewa aikin da ya wuce yana gogewa. Buddha ya buga misali da dunƙulen gishiri: jefa shi a ƙaramin kofin ruwa, ruwan ba ya shawuwa, jefa shi a babban kogin Ganga na Indiya, ba wanda zai ji ɗanɗanonsa. Gishirin bai ragu ba, ruwan ne ya yawaita. Saboda haka aikinsu shi ne ƙara ruwa, ta hanya uku: kyauta, tarbiyyar zuci, da kiyaye dokoki biyar, wato barin kisa, sata, lalata, ƙarya da kayan maye. Da su ake tuge saiwoyi uku na mugun aiki: kwaɗayi, ƙiyayya da ruɗu.

Mutanen Tibet sun tsara abin gaɓa huɗu: dogaro ga Buddha da koyarwarsa da jama'arsa, nadama, aikin gyara, sai ƙudurin ba za a koma ba. Aikin gyaran sau da yawa maimaita addu'ar Vajrasattva ce, wani Buddha da suke dangantawa da tsarkakewa, addu'a mai gaɓoɓin kalma 100, wasu sau 21 kullum, masu zurfafawa har sau 100,000. Inda ake tuntuɓe shi ne gaɓa ta huɗu. Mutum ya cika ƙidaya amma bai ƙudurta dainawa ba, yana ƙara ruwa da hannun dama yana zuba gishiri da na hagu. Shi ya sa malamansu ke cewa a ɗauki alkawarin da za a iya cikawa, ko na yini guda ne. A Japan kuma, mabiya Nichiren, wani malamin addinin Buddha wanda ya rayu daga 1222 zuwa 1282, suna maimaita addu'ar Nam-myoho-renge-kyo safe da yamma, suna kiran sauyin "mai da guba magani".

A lura da nadamar nan. Ba ita ce da-na-sani ba, wadda Bahaushe ya ce ƙeya ce. Zama ana cin rai kan abin da ya wuce, su kansu sun lissafa shi cikin abubuwa biyar da ke toshe zuci.

Tambaya daga Garwa: To a fassara wannan sauyi da "tuba" mana?

Ban yarda ba. Tuba komawa ce ga Ubangiji mai gafara, a nan kuwa ba gafarar wani mai hukunci ake jira ba. A rubuta "gyaran aiki da niyya", a bi shi da bayani.