Tambarin sarki a ƙasan tulu ba ya nuna tsufansa

Tambaya: Ina zuwa Guangzhou saro kaya. Wani dillali ya nuna mini tulun furanni na tangaran, fari mai zanen shuɗi, ya ce na zamanin Sarki Qianlong ne, ga tambarinsa ma a ƙasa. Dala 2,000 yake nema. In saya?

Amsa: Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna. Qianlong ya yi mulki daga 1736 zuwa 1795, kuma tambarin nan, galibi haruffa shida, cewa kawai yake yi an yi kayan a zamaninsa, a daular Qing ta ƙasar Sin. Rubuta shi ba wuya. A Jingdezhen, garin tangaran na lardin Jiangxi, har gobe ana gasa sababbin tuluna da sunan sarakunan da suka daɗe da mutuwa. Ba yau aka fara ba: magina a zamanin Kangxi, kakan Qianlong, sukan sa tambarin Sarki Chenghua na daular Ming, wanda ya rasu tun 1487, don girmama aikin magabata.

Kifa tulun ka dubi zoben da yake zama a kai, inda babu ƙyalli. Tsohon kaya yakan yi sumul a nan saboda goguwar shekaru. Na jabu kuwa ruwan shayi ko ƙasa ake shafa masa, wani lokaci tsumma mai lema ya isa ya tona asiri. Ka sa gilashin ƙara girma a kan zanen. In ɗigo-ɗigo ka gani a jere, inji ne ya buga. In kuma an rubuta CHINA da boko, magana ta ƙare, don sai wajen 1891 aka soma sa shi, bayan Amurka ta wajabta rubuta sunan ƙasa a kayan da ake shigar mata.

Abin da ya fi damuna shi ne doka. Ƙasar Sin ta hana fita da kayan tarihin da suka girmi 1911. In da gaske tsohon ne, a kwastan za ka rasa shi. In dillalin ya ce ba matsala, to ya san abin da yake sayar maka. In ya burge ka, taya shi a farashin kayan adon falo.

Tambaya: Na gaji irin wannan tulu daga mahaifiyata, bakinsa ya ɗan tsage. In liƙe shi?

Amsa: Hajiya, Allah Ya ji ƙanta. Kada ki sa masa gam, kada ki goge shi da soson ƙarfe. Mugun gyara ya fi tsagewar karya farashi. Ɗauki hoton jikinsa, bakinsa da ƙasansa, ki tura wa gidajen gwanjo irin su Sotheby's ko Christie's, suna ƙiyasta kuɗi ta hoto kyauta. A 2018 an kai wa Sotheby's wani tulu cikin kwalin takalmi a Faris, aka sayar da shi Yuro miliyan 16.2, amma kada ki ci bashi a kan wannan labari.