Hitar wankanmu ta yi wata takwas a kashe, in kunna kawai?

Tambaya: Salam malam, daga Zariya nake. Hitar banɗakinmu mai lita 50 ce, tun watan Maris da zafi ya shigo ba mu ƙara kunna ta ba, ga sanyi ya fara. Bara tana daɗewa kafin ruwa ya yi zafi kuma tana wata ƙara kamar ana soya gyaɗa, sannan akwai wani ɗan bawul a ƙasanta da ke ɗiga, maigida ya ce za a toshe shi. Ruwan burtsatse muke amfani da shi. Me ya kamata mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Bari in fara da maganar bawul ɗin nan don ita ta fi tayar min da hankali, dan Allah ki roƙi maigida kar a toshe shi. Ruwa in ya yi zafi kumbura yake yi, tukunyar kuma a rufe take ruf, toh wannan ɗan bawul da ke kan bututun ruwan sanyi shi kaɗai ne ƙofar da matsi ke fita. Ɗigar da kike gani lokacin da hita ke aiki ba lalacewa ba ce, aikinsa yake yi. In aka toshe shi kuma aka yi rashin sa'a tamostat, wato na'urar da ke kashe hita in ruwa ya kai zafin da aka saita, ya ƙi yanke wuta, ruwa zai yi ta tafasa a ciki babu hanyar fita har tukunya ta fashe, a banɗakin da yara ke shiga. A sa masa ɗan tiyo ya riƙa zuba a magudana shike nan. Ki ɗaga ɗan hannun da ke jikinsa, in ruwa ya fito kika saki ya tsaya to lafiyarsa ƙalau, in ya ƙi motsi ko yana zuba dare da rana ko hita a kashe, a sayo sabo.

Kafin a taɓa makunni kuma, a buɗe famfon ruwan zafi a bar shi ya yi ta zuba har ya daina tari da fesar iska. Da yawan hitocin da ake kira na gyarawa farkon hunturu abin da ya kashe su kenan, tankin sama ya taɓa ƙarewa, hita ba ta cika ba, aka kunna, elemen, wato ƙarfen da ke zafafa ruwan a ciki, ya ƙone nan take don ba a yi shi ya yi zafi a bushe ba.

Ƙarar suyar gyaɗa kuwa daga ruwanku ne. Ruwan burtsatse a wurare da yawa yana ɗauke da sinadarin farar ƙasa, irin farin abin da ke kama gindin butar shayi, shi ne ke lulluɓe elemen ya taru a ƙasan tukunya, ruwan da ya maƙale a ƙarƙashinsa yana tafasa yana fashewa. Lita 50 da elemen mai wat 1500 bai kamata ta wuce kamar awa ɗaya da rabi ba in wuta na da ƙarfi, wajen yunit biyu da ɗan wani abu a mita, in taku tana cin awa uku kinga kuɗi ne ke tafiya. A kira mai aikin famfo ya kashe wuta daga babban makunni, ya rufe ruwan shiga, ya zubar da na ciki, ya kwance elemen ya jiƙa shi a ruwan khal ko na lemon tsami, kar ya kankare da wuƙa. Ya kwashe dattin tukunya, in robar bakin ta bushe ya canza.

Tunda ya buɗe, ki ce ya nuna miki wani ɗan sandan ƙarfe da ke kusa da elemen, anod ake ce masa. Shi tsatsa ke ci a maimakon tukunya, in ya siranta ya koma kamar tsinke a canza, yawanci shekara ɗaya zuwa biyu yake yi. Masu gyara da yawa ba sa ko kallonsa, wallahi abin yana ba ni haushi don shi ke hana tukunya hujewa.

Tamostat a ajiye shi wajen digiri 60. Ruwan da ya daɗe kwance da ɗumi-ɗumi ƙwayoyin cuta na hayayyafa a ciki, shi ya sa zafin farko a bari ya kai 60 sosai a zubar kafin kowa ya yi wanka. Amma 60 na ƙona fata, a riƙa sirka wa yara da tsofaffi a bokiti, a taɓa da hannu tukuna.

Sai mai wayarin ya duba wayar da ke binne a ƙasa ko tana haɗe da hitar, da makunnin ko ya yi baƙi ko yana warin ƙuna. In kin taɓa jin famfo ya ɗan ja ki ko kaɗan ne, kar a kunna sai ya zo. Ni a gidana ko komai lafiya, ruwa na yin zafi ake kashe hita sannan a shiga wanka.